Aikin kula da tsofaffi a ƙauyen Eyam: in tafi birni ko in zauna?

Wata 'yar uwa daga Zariya ta rubuto cewa kamfanin da ya ɗauko ta yana tura ta gidajen tsofaffi a Eyam da ƙauyukan da ke kewaye da shi, a gundumar Derbyshire ta Ingila. Ta ce kaɗaici ya ishe ta: ba masallaci, ba Bahaushe, motar haya sai an daɗe ana jira, ga mutanen gida sun ɗauka a Landan take tana kwasar kuɗi. Tana so ta ajiye aikin ta koma wurin ƙawarta a Manchester.

Ƙanwata, sannu da ƙoƙari, Allah ya dafa miki. Takarda za mu fara dubawa, don ba a wasa da ita. Bizarki a ɗaure take da kamfanin da ya tsaya miki. In kika ajiye aiki, dole su sanar da ma'aikatar harkokin cikin gida, kuma yawanci sai a rage wa'adin zamanki zuwa kwana 60. In har sai kin tafi, ki fara samun wani kamfani mai lasisi, ya ba ki sabuwar takardar shaidar ɗaukar nauyi, ki sake neman biza, a amince, sannan ki fara aiki da su. Tun 22 ga Yulin 2025 aka daina ɗauko masu wannan aiki daga ƙasashen waje, don haka in wannan ta suɓuce miki har kika koma gida, ƙofar da kika shigo ta rufe. Kada ki ba dillali ko kwabo da sunan zai sayar miki da takardar aiki. Ofishin Citizens Advice na ba da shawara kyauta.

Amma ni ba zan ce ki yi gaggawar tafiya ba, domin ba ki gama sanin inda kike ba. Eyam ƙauye ne na mutum kusan dubu ɗaya, kuma duk Ingila an san shi da abu guda. A watan Satumba na 1665 aka kawo wa telan garin ƙunshin yadi daga Landan, inda annoba ke cin mutane. Mai taimaka masa, George Viccars, shi ya kwance ƙunshin, shi ya fara rasuwa. Da cutar ta tsananta a 1666, limamin cocin garin William Mompesson da Thomas Stanley, wanda ya taɓa riƙe cocin kafin shi, suka shawo kan jama'a cewa ba mai fita, ba mai shiga, don kada a kai wa maƙwabta. Ana ajiye musu abinci a bakin iyaka, su kuma su zuba kuɗin a ramukan wani dutse da aka cika da ruwan tsami. Dutsen na nan har yau. Kimanin mutum 260 suka mutu, har da Catherine, matar Mompesson. Wata mata, Elizabeth Hancock, ta binne mijinta da 'ya'yanta shida cikin kwana takwas.

Ki tuna hadisin da muka karanta tun muna yara: idan annoba ta sauka a garin da kuke, kada ku fita don guje mata. Waɗannan mutane ba Musulmi ba ne, amma abin da suka yi ke nan, kuma mutanen garin na tunawa da shi duk Lahadin ƙarshe ta Agusta a Cucklet Delph, kwazazzabon da suka riƙa yin ibada a fili lokacin cutar. Tsofaffin da kike yi wa wanka kina ba su magani, a cikin wannan labari suka tashi. Ki tambaye su. Baturen ƙauye ba ya fara shiga harkar baƙo, yana ganin hakan rashin ladabi ne, ba lalle ƙiyayya ba ce. Amma kika taɓo tarihin garinsu, bakinsu ya buɗe.

A ƙarshen Agustan ne kuma suke ƙawata rijiyoyi da hotunan da ake yi ta hanyar liƙa furanni a kan ɗanyen yumɓu, aikin kwanaki da ke buƙatar hannu da yawa. Akwai addu'ar coci a ciki. Ba dole ki halarce ta ba, kuma ba wanda zai ga laifinki. Shan shayin safe a zauren gari da zaman majalisar ƙauye kuwa a buɗe suke ga kowa. Da yake ke 'yar Najeriya ce, ƙasar da ke cikin ƙungiyar rainon Ingila, kina da damar yin rajistar zaɓe muddin takardarki na aiki ('yan uwanmu na Nijar ba su da wannan). Rajistar na taimaka miki ko wajen banki.

Masallaci da naman halal suna Sheffield, ba ta da nisa, ki ware ranar hutunki ki je. Abin da zai fi rage miki wahala shi ne mota. Lasisin tuƙin Najeriya wata 12 kawai yake yi daga ranar da kika zauna a ƙasar, don haka ki nemi na koyo ki yi jarrabawa tun kafin sanyi, lokacin da rana ke faɗuwa kafin ƙarfe huɗu.

Su Inna kuwa, ki gaya musu gaskiya. Ki ɗauki bidiyon ƙauyen, da tumaki da katangun duwatsu, ki tura musu. Ki lissafa musu haya da harajin gunduma da kuɗin ɗumama ɗaki, sannan ki yanke abin da za ki riƙa aikawa duk wata, wanda ba zai karya ki ba, ki tsaya a kai. Idan kuma daga 11 ga Maris na 2024 zuwa yau kika fara neman bizarki, ba ta ba ki damar kawo miji ko 'ya'ya ba, kada ki yi musu alkawarin haka.