Amsa ga 'yar'uwar da za a buɗe wa shagon giya a bakin layi a Ingila

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Kin ce an liƙa wata shuɗiyar takarda a tagar shagon da ke bakin layinku a nan Ingila, cewa mai shagon yana neman lasisin sayar da giya har ƙarfe 2 na dare, ga masallaci kusa, ga yara na bi ta wajen kullum, kina tambaya ko kuna da bakin magana da yadda ƙaramar hukuma ke duba irin wannan buƙata. Kuna da bakin magana ƙwarai. Mun shiga irin wannan a layinmu, mun yi kuskure da farko, kuma ba na son ku maimaita shi.

Kafin komai, ki je gaban takardar yau ɗin nan ki ɗauke ta hoto, ki duba ranar rufe karɓar ƙorafi. Kwana 28 doka ta bayar, ana fara ƙirga daga washegarin ranar da aka shigar da buƙatar. In wa'adin ya wuce ba wanda ya kai ƙorafin da ya dace, hannun ƙaramar hukuma a ɗaure yake, dole ta ba da lasisin ba tare da an yi wani zama ba. Mu kusan mako biyu takardar ta yi a manne kafin wani ya tsaya ya karanta, don an sa ta ƙasa-ƙasa a gefen ƙofa, zufar gilashi ta jiƙa rabinta.

Kuskurenmu shi ne da muka ji labari sai muka zagaya gida-gida muka tara sa hannu, muka rubuta cewa ba ma so saboda giya haramun ce a addininmu, kuma shagunan giya sun riga sun ishi unguwar. Da zuciya ɗaya muka yi. Ma'aikaciyar ofishin lasisi ta amsa mana cikin ladabi cewa ba ɗaya daga cikin dalilan nan biyu da kwamiti zai iya dubawa. Raina ya ɓaci ranar, na ɗauka raini ne. Sai da na zauna na karanta tsarin na gane matar nan taimakonmu ta yi, don ta gaya mana tun da sauran kwanaki.

Dokar da ke aiki a Ingila da Wels ita ce dokar lasisi ta 2003, wadda ta fara aiki gaba ɗaya a Nuwamban 2005, ta ɗauke wannan aiki daga hannun majistarori ta ba ƙananan hukumomi. Abu huɗu kacal ta ce a auna kowace buƙata da su: hana aikata laifi da tashin hankali, tsaron lafiyar jama'a daga haɗari, hana damun jama'a, da kare yara daga cutarwa. Duk maganar da ba ta rataya a ɗaya daga cikinsu ba, ajiye ta ake yi gefe, komai gaskiyarta. Ko unguwa na buƙatar ƙarin shago ko ba ta buƙata, wannan ba ruwan kwamitin lasisi. Sukotlan ce ta ƙara na biyar a tata dokar ta 2005, wato kiyaye lafiyar al'umma, amma bai shafe ku ba. Batun masallaci kuwa, na san ana yawan cewa doka ta hana sayar da giya kusa da wurin ibada. Akwai irin wannan a jihar Niyok ta Amurka, inda wasu nau'o'in lasisi ba a ba da su ga shagon da ke cikin ƙafa 200 daga makaranta ko wurin ibada a titi ɗaya. Dokar Ingila ba ta da wannan awo. Masallacin zai yi muku amfani ne ta hanyar yaran: ƙarfe nawa suke tashi daga islamiyya, su nawa ne, ta wace ƙofa suke bi, ina suke tsayawa jiran iyayensu.

Wadda ta ceci layinmu wata dattijuwa ce Baturiya da ke zaune a saman shagon, ita kaɗai tun rasuwar mijinta. Ba ta sa hannu a takardarmu ba. Amma tana da wani ɗan littafi da take ajiyewa kusa da gado, saboda masu fitowa daga mashayar da ke can ƙasan titi sun daɗe suna hana ta barci. Ta buɗe mini shi a ɗakin girkinta. Kowane layi da kwanan wata da lokaci: daren Juma'a ƙarfe 1 da kwata, mutum huɗu na ihu a ƙarƙashin taga, safiyar Lahadi, fasassun kwalabe a bakin ƙofa, ta share da kanta, ranar kaza ta kira 'yan sanda, ga lambar da suka ba ta. Ba zagi, ba ƙari. A ranar zama, shafi uku na littafin nan sun fi duk sa hannun da muka tara nauyi, kuma da idona na ga lauyan mai shago ya daina rubutu ya saurara da ta fara karantawa.

Don haka kowa ya rubuta tasa wasiƙar da bakinsa, da suna da adireshi, ya faɗi abin da ya gani, ya ambaci wane daga cikin huɗun nan ya shafa. Wasiƙa biyar daban-daban sun fi ɗari iri ɗaya. Ki sani kuma za a nuna wa mai neman lasisin sunanki da abin da kika rubuta, sai in akwai tsoron barazana na gaske, shi ma sai kin yi wa ofishin bayani. Ba dole ne mutum ya kasance maƙwabci na kusa ba, an cire wannan sharaɗi tun 2012, ko da yake wanda abin ke taɓawa kai tsaye an fi sauraronsa.

Ki kuma nemi takardar manufofin lasisi ta ƙaramar hukumarku, tana shafinsu na intanet, dole su sabunta ta aƙalla duk shekara 5. A cikinta za ki ga lokutan rufewa da suka fi so, da kuma ko sun ayyana yankinku a matsayin wanda wuraren sayar da giya suka yi wa yawa har matsala ta taru. In layinku na cikin irin wannan yanki, sau da yawa aiki na komawa kan mai shago ya nuna ba zai ƙara wa borno dawaki ba. Ko a nan ma sai wani ya kai ƙorafi kafin a yi zama. 'Yan sanda, 'yan kwana-kwana, jami'an tsaftar muhalli da masu kula da kare yara duk ana aika musu buƙatar, kuma in 'yan sanda suka yi magana kwamiti na ɗaukarta da muhimmanci, saboda haka ki tuntuɓi jami'insu na lasisi ki gaya masa abin da kuke gani.

Zaman kansa ba abin tsoro ba ne. Ana yinsa cikin kwanakin aiki 20 bayan rufe ƙorafi, kansiloli uku ne a gaba, kowane ɓangare a ba shi 'yan mintoci. Zan gaya miki gaskiya ko da ba za ta yi daɗi ba: ba kasafai ake hana lasisi ɗungurungum ba. Abin da aka fi samu shi ne sharuɗɗa, kuma ni a ganina nan ya kamata ku sa ƙarfinku. Mu ba mu hana shagon buɗewa ba, amma an rage sa'o'i uku daga lokacin da ya nema, an mayar da lokacin rufewa ƙarfe 11 na dare, an wajabta kyamarar tsaro, an hana sayar da giya mai ƙarfi gwangwani ɗai-ɗai, an sa a riƙa tambayar shaidar shekaru ga duk wanda bai yi kama da ɗan 25 ba. Wasu a cikinmu sun ce an kayar da mu. Ni da nake wucewa da yarana ta wajen da asuba na san abin da sa'o'i ukun nan suka rage mana.

In hukuncin bai yi muku ba, kuna da kwana 21 ku ɗaukaka ƙara kotun majistare, sai dai ku nemi shawarar lauya tukuna saboda kuɗin shari'a. In kuma an ba da lasisin mai shago ya karya sharuɗɗa, kowa na iya neman a sake duba shi, kwamiti na da ikon ƙara sharaɗi, ko dakatar da shi har wata 3, ko soke shi. Shi ya sa dattijuwar nan har yau ba ta rufe littafinta ba, ni ma na sayi nawa.

Ki turo ranar da ke jikin takardar nan, in kin rubuta wasiƙarki kuma ki sa ta a nan mu duba tare kafin ki aika. Allah ya kare mana zuri'a.