Amsa kan yadda ake gina tsoro a fim (muryar da aka rubuta)

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ƙanina da ya ce ya ɗauki gajeren fim na aljanu, ya kunna wa mutane suka yi ta dariya, yana tambayar ina matsalar take, to ka saurara.

Razana daban, fargaba daban. Razana ita ce a buga ƙara kwatsam mutum ya zabura, cikin daƙiƙa 2 ta wuce. Fargaba kuwa zaman jiran abin da ka san yana tafe ne, amma ba ka san yaushe ba, kuma ita ce ke riƙe mai kallo. Hitchcock, shahararren daraktan finafinan fargaba, ya ba da misali: mutane na hira, akwai bam a ƙarƙashin teburinsu. In ya tashi mai kallo bai san da shi ba, an yi razana an gama. In kuwa tun farko ka nuna masa bam ɗin da agogonsa, duk hirar da suke yi ta zame masa azaba. Wato ka sanar da mai kallo abin da jaruminka bai sani ba.

Sai maganar nuna aljanin. Da zarar an gan shi a fili, da hoda a fuska da jan baki, shi ke nan, mai kallo ya gane ɗan wasa ne. A fim ɗin Jaws na 1975, mai labarin wani ƙaton kifi mai cin mutane, injin kifin da aka ƙera ya yi ta lalacewa a ruwan teku, dole daraktan fim ɗin, Spielberg, ya riƙa ɓoye shi, sai kiɗa da motsin ruwa, kuma hakan ya fi tsoratarwa. Kai ma ka nuna inuwa, ko yatsu a jikin ƙofa, ko labule yana motsi alhali taga a rufe take.

To sauti, nan ne yawancinmu muke faɗuwa, wallahi abin yana damuna. Ana shimfiɗa kiɗan tsoro tun daga farkon fim har ƙarshe, kunne ya saba, ya daina ji. Ga yadda ake yi: ka fara da sautin wurin, kukan gyare, ƙarar fanka, haushin kare daga nesa. Sai ka riƙa zare su ɗaya bayan ɗaya, kare ya yi shiru, gyare ya yi shiru, fanka ta tsaya, ya rage numfashin jarumar fim ɗinka da takun ƙafarta kaɗai. Mai kallo ba zai lura da abin da ka cire ba, gabansa ne kawai zai fara faɗuwa. Ka riƙe shirun nan kamar daƙiƙa 8 zuwa 10, kada ka yi gaggawar yankewa.

A wajen ɗauka, kada ka sa jarumar a tsakiyar hoto ta cika shi. Ka tura ta gefe, ka bar fili a bayanta, ƙofa a buɗe, ciki duhu. Idon mai kallo can zai maƙale. Fitila ɗaya daga gefe ta isa. Amma kada ka ɗauka cikin duhu na gaske, hoton zai fito da yashi-yashi, ba a ganin komai. Ka haska, sannan ka rage hasken a kwamfuta.

In za ka razana su, ka fara yaudararsu. Ta buɗe durowa, babu komai, ko kyanwa ce ta yi tsalle. Ta sauke ajiyar zuciya, mai kallo ma ya sauke, a nan za ka buga, kuma daga ɓangaren da ba a kallo. Kada ka yawaita, a karo na 3 an gano ka.

Sannan kafin ka saki fim ɗin, ka saurare shi a waya, tunda a nan mutanenmu suka fi kallo. Lasifikar waya ba ta fitar da sauti mai kauri sosai, in a kansa ka dogara, zai ɓace gaba ɗaya. Ka haɗa shi da siririn sauti, kamar kukan ƙyauren ƙofa, wanda waya ke iya fitarwa.