Amsa ga ɗan'uwa daga Daura kan ZFC da Lean

Assalamu alaikum. Ɗan'uwa, tambayarka ta ko wajibi ne ka ƙware a ka'idar seti ta ZFC (jerin ginshiƙai, wato ƙa'idojin asali da ake ɗora lissafi a kansu) kafin ka fara rubuta hujjojin lissafi a Lean (manhajar da ke tantance hujjoji a kwamfuta) ta sosa mini inda ke yi mini ƙaiƙayi, domin ramin da kake bakinsa na taɓa faɗawa cikinsa a nan Katsina.

Wata bakwai na yi ina haddace ginshiƙan ZFC, wato waɗanda Zermelo ya kafa a 1908 da ƙarin da Fraenkel ya yi a 1922, kamar mai tilawa, ban rubuta hujja ko ɗaya da hannuna ba. Ranar gabatar da aikina, malamin da ke duba ni ya ce in nuna a allo cewa seti marar komai sashe ne na kowane seti. Na tsaya da alli a hannu, gumi na tsiyaya a bayana, alhali amsar layi ɗaya ce: babu mamba a cikinsa da zai saɓa wa sharaɗin. Sai ya dubi ɗalibai ya ce wai ga wanda yake son koya wa kwamfuta lissafi. Abin da ya fi ci mini rai shi ne babin da na kai masa wata uku kafin nan ya dawo mini ba ko ɗigon jan biro. Har na sauka a Ƙofar Ƙaura ban san na iso ba.

Daga baya na gane cewa Lean ma ba a kan ZFC aka gina shi ba, a kan ka'idar nau'i ne, inda kowane abu yake da nau'insa, don haka ba sai ka ƙware a ZFC ba kafin ka fara. A tsarin von Neumann na wakiltar lambobi da seti, 2 seti ne mai ɗauke da 0 da 1, saboda haka "1 mamba ne na 2" magana ce ta gaskiya, amma Lean ba zai ma karɓi jimlar ba. A Mathlib, taskar lissafin Lean, seti sharaɗi ne kawai a kan wani nau'i, shi ya sa rikicin da Russell ya gano a 1901, na setin duk setin da ba mamban kansu ba, ba ya rubutuwa a can.

Idan ZFC ɗin kansa kake so, nufi wasu manhajojin tantance hujja, Metamath ko Isabelle/ZF, inda za ka ga ana ɗora komai a kan ginshiƙan. Kuma don Allah kada ka yarda wani ya riƙe maka babi ba tare da ranar dawowa ba. Mathlib yana cin gigabait da yawa, don haka fara da Natural Number Game, wasan koyon Lean, a burauza, tun kafin ka kashe kuɗin data. Hujjar nan ta seti marar komai ita na fara rubutawa a Lean, ina hawaye da ta wuce. Gwada ta, in ta ƙi, turo mana jan rubutun da ya fito mu duba tare.