Halifa, liman da magaji: amsar tambayoyin masu karatu

Tambaya: Malam, ina jin Ahlus Sunna suna cewa "halifa", 'yan Shi'a kuma suna cewa "imami". Shin ba abu ɗaya ba ne? Ai mu ma muna da liman a masallaci.

Amsa: Ɗan'uwa, limaminmu daga "al-imam" ya fito, kamar yadda "al-kitab" ya zama littafi, "al-akhira" ta zama lahira. Sai dai da kalmar ta shigo bakin Bahaushe ta tsaya a kan mai jan salla, alhali a Larabci imam shi ne duk wanda ke gaba ana bin sa. Halifa kuwa shi ne wanda ya zo bayan wani ya tsaya a gurbinsa. Malaman Sunna na da sukan kira shugaban al'umma da sunayen biyu. Abin da ya raba ɓangarorin shi ne wa ke naɗa wannan shugaba, kuma mene ne matsayinsa.

Annabi (SAW) ya yi wafati a Madina a shekara ta 11 bayan Hijira, wato 632. Ana cikin alhini, mutanen Madina suka taru a rumfar Banu Sa'ida suna neman tsayar da Sa'adu ɗan Ubada. Abubakar da Umar da Abu Ubaida suka iske su a can. Har wani ya kawo shawarar a yi shugaba ɗaya daga Ansaru, ɗaya daga Muhajirai, aka ƙi, domin ba a sarki biyu a gari ɗaya. Umar ya kama hannun Abubakar ya yi masa mubaya'a, sauran suka bi. Ali bai halarci zaman ba, yana tare da iyalan gidan wajen shirya jana'iza, kuma a ruwayar Buhari bai yi tasa mubaya'ar ba sai bayan wata shida, da Nana Faɗima ta rasu.

A wajen Ahlus Sunna, Annabi ya bar wa al'umma zaɓi, tare da ishara: ya sa Abubakar ya ja salla lokacin da ciwo ya tsananta masa. Halifa a wurinsu mutum ne mai iya kuskure, shi ya sa suke yawan kawo huɗubar Abubakar ta farko, inda ya ce in ya yi daidai a taimaka masa, in ya karkace a gyara masa. A wajen Shi'a Imamiyya kuwa imamanci yana cikin ginshiƙan aƙida. Allah ne ke zaɓar imami, Annabi ya ayyana shi da nassi, wato ya ambace shi ƙarara, kuma ma'asumi ne, wato an kare shi daga saɓo da kuskure. Suna lissafa imamai 12, na farkonsu Ali. To ka ga in ka ji ɗan Shi'a ya ce "Imam Ali" ka fassara shi a ranka da limamin salla, ba ka ji abin da yake nufi ba ko kusa.

Tambaya: Malam, mece ce "maula" a hadisin Gadir? Ni dai maular da na sani ta roƙo ce.

Amsa: Malama, ajiye wannan maular tamu ta yawon roƙo a gefe, ba ita ba ce. A kan hanyar dawowa daga Hajjin Bankwana, a wani wuri da ake kira Gadir Hum tsakanin Makka da Madina, Annabi ya ce duk wanda shi ne maulansa, to Ali maulansa ne. Hadisin yana cikin Tirmizi da Musnadin Ahmad, don haka kuskure ne a ce 'yan Shi'a kaɗai suka ruwaito shi. Rigimar tana kan ma'ana. "Maula" na iya zama majiɓincin al'amari, ko masoyi da mataimaki, har ma bawan da aka 'yanta. 'Yan Shi'a suka ɗauki ta farko suka ce naɗi ne a bainar jama'a. Ahlus Sunna suka ce umarni ne da a so Ali, a daina ƙorafin da wasu da suka yi tafiyar Yaman tare da shi suka yi a kansa. Abin da ke damuna shi ne mai fassara ya zaɓi kalma ɗaya ta Hausa, "shugaba" ko "masoyi", bai gaya wa mai sauraro cewa ya riga ya yanke hukunci ba. Amana ita ce a faɗi ma'anonin duka, sannan mutum ya kawo hujjarsa.

Tambaya: Hausawa na cewa "kyan ɗa ya gaji ubansa". Ko wannan ne hujjar 'yan Shi'a, tunda Ali ɗan gida ne?

Amsa: A'a, karin maganar bai hau nan ba. Ma'anarsa ita ce ɗa ya ɗauko halin ubansa da sana'arsa, ya riƙe gida kada ya mutu. Ali ɗan baffan Annabi ne kuma mijin 'yarsa. Da da gadon jini ake magana, ai Abbas, baffan Annabi, yana raye a lokacin, kuma da wannan kusancin Abbasiyawa suka kafa hujja bayan sun karɓi mulki a 750. Su 'yan Shi'a kalmar da suke riƙe da ita "wasiyyi" ce, wato wanda aka bar wa wasiyya da sunansa. Shi ya sa ba na son a fassara halifa ko imami da "magaji" kai tsaye, don kunnen Bahaushe zai tafi ga gadon sarauta.

Halifofi huɗu na farko babu wanda ya gaji ubansa. Abubakar ne ya ayyana Umar, Umar ya bar shawara a hannun mutum 6 suka fitar da Usman a 644, Ali kuma aka yi masa mubaya'a a Madina bayan kashe Usman a 656. Gado daga uba zuwa ɗa ya kafu ne da Mu'awiya ya nemi a yi wa ɗansa Yazidu mubaya'a tun yana raye. Husaini ɗan Ali da Abdullahi ɗan Zubairu suna cikin waɗanda suka ƙi, kuma a kan haka aka kashe Husaini a Karbala ranar 10 ga Muharram, shekara ta 61, wato 680.