Gal4 na zaune, amma bakinsa a toshe yake

Ka tambaye ni, ɗana: tunda gwajinka ya nuna furotin Gal4, mai kunna ƙwayoyin gado, na zaune a kan DNA tun kafin ka zuba wa yis ɗin sukarin galaktos, me ya sa ƙwayar gadon GAL1 ta yi tsit? Gwajinka bai yi ƙarya ba. Kai ne ka ɗauka zama shi ne aiki.

Ba Gal4 ke kwafar saƙon DNA zuwa RNA ba, wannan aikin wani furotin ne, polimeras na biyu. Shi Gal4 nasa kira ne kawai. Furotin ne mai amino asid 881, amma wurare biyu za ka sa wa ido a jikinsa, ni ina ce musu hannu da baki. Hannun, wanda tutiya ke riƙe da siffarsa, yana damƙar wani gurbi mai harufa 17 da ake kira UAS, tun kafin a kai mafarin ƙwayar gadon, kuma Gal4 biyu ne ke haɗuwa su kama kowane gurbi. Bakin ne ke kirawo ma'aikata, wato wasu furotin masu share fage: SAGA da Mediator su zo, SWI/SNF ya ture dunƙulen histon (furotin da DNA ke naɗe a jikinsa) da ya tare hanya, TBP ya hau gurbin TATA da ke kusa da mafarin ƙwayar gadon, sannan polimeras ya samu wurin tsayawa ya fara kwafa.

To, in babu galaktos, wani furotin, Gal80, ne ke toshe wannan bakin. Hannu na riƙe, kira ba ya fita. Da galaktos ya shigo, sai furotin Gal3 ya kama galaktos ɗin tare da ATP, sinadarin makamashi, ya riƙe Gal80, bakin ya kuɓuta. Nan da nan kwafar GAL1 ta ninka kusan sau dubu.

Abin da har yau yake burge ni shi ne bakin bai damu da hannun wa aka ɗaura masa ba. A 1985 Roger Brent da Mark Ptashne suka haɗa shi da hannun LexA, wani furotin na bakteriya, ya kunna ƙwayar gado a cikin yis lafiya lau.

Sai ka kula da abincin da kake renon ƙwayoyinka a ciki. Muddin akwai sukarin glukos, furotin Mig1 zai danne GAL1, ya kuma rage yawan Gal4 ɗin kansa. Ka rene su a sukarin rafinos tukuna, ka zuba galaktos, sannan ka auna RNA ɗin GAL1 kafin zubawa da bayanta. Ka kawo mini sakamakon mu duba tare.