Tambaya da Amsa: Kora da jazz, haɗin gambiza ne?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Na ji wani kiɗa a YouTube an haɗa kora ta Mandinkawa da fiyano irin na jazz ɗin Amurka, wallahi ya min daɗi sosai, amma abokina ya ce ɓata gado ne kawai don a samu kasuwa wurin Turawa. Dan Allah haka ne? Daga mai karatu a Kaduna.

AMSA: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Gaskiya ni ban yarda da abokin naka ba, don 'yan gadon ne da kansu suka fara wannan haɗin. A wurin Mandinkawa kora sana'ar jali ce, wato makaɗan gado kamar namu na fada, tsirkiyarta 21 a kan ɓarin ƙwarya da aka rufe da fata. Foday Musa Suso jali ne ɗan jali daga Gambiya, a 1977 ya koma Chicago ya kafa Mandingo Griot Society tare da makaɗan ganga na Amurka Adam Rudolph da Hamid Drake, har mabushin jazz Don Cherry ya busa musu ƙaho a faifansu na 1978, sannan a 1985 shi da Herbie Hancock mai fiyanon jazz suka fitar da faifan Village Life su biyu rak.

Abin da ya sa suke shiga juna kuwa a cikin kiɗan yake. Mai kora yana da kumbengo, salon da yake ta maimaitawa a ƙasa, sai birimintingo, inda yake sakin yatsu ya ƙirƙiro abu nan take ya zaga ya dawo gida, to ai mutanen jazz ma haka suke yi, shi ya sa in sun zauna tare ba a daɗe ba sun fahimci juna. Kar ka manta kuma an kwashi bayi da yawa daga yankin Senegal da Gambiya zuwa Amurka, banjo ma, wato abin kiɗa mai tsirkiya na Amurka, danginsu ngoni ne na Afirka ta Yamma, wanda in ka gan shi sai ka ce molonmu.

Inda zan ba abokinka gaskiya shi ne wasu faya-fayan na shekarun 1980, sun cika na'ura har kora ta koma ado, ba ka jin ta sai ka kasa kunne, wannan yana min ciwo sosai. Amma ka nemo faifan Kulanjan na 1999, na Toumani Diabaté mai kora ɗan Mali da Taj Mahal mai kiɗan blues, ka kunna masa ku saurara tare, ku lura da yadda jita ke ja baya in kora ta ɗauka.