Ruwan shishar lantarki yana cin roba ne?

TAMBAYA: Salam Malam, ina da ɗan shago a Ƙofar Ƙaura nan Katsina, cikin kayan da nike saidawa har da shishar lantarki da ruwanta. To kwanan nan kwastomomi sai dawo man da kaya suke wai tankin ya yi fari-fari ya tsattsage yana yoyo, kuma suna rantsuwa bai faɗi ƙasa ba, ni kuma ina ɗura ruwan daga babbar gora zuwa ƙananan robobi ina saidawa. Dan Allah mi ke jawo haka, ruwan ne ko robar ce jabu? Daga wani mai shago.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Kwastomominka ba ƙarya suke ba, tanki yana tsagewa ko ba a yar da shi ba, kuma yawanci laifin na filebo ne, wato ƙamshin da ake sa wa ruwan. Asalin ruwan abu biyu ne, PG wato sinadarin furofilin gilaikol, da VG wato gilisarin, sai nikotin, waɗannan ba su cika damun roba ba. Ƙamshin da ake zubawa shi ne matsalar, musamman na kirfa da lemun zaki da lemun tsami da kanumfari, wani lokaci har na ayaba da na'a-na'a. Man da ke cikin ɓawon lemu kaɗai ya isa misali, matsa shi kan balan-balan ɗin yara ka ga yadda zai fashe nan take.

Robar da ta fi shan wahala ita ce polikabonet, garau take kamar gilashi kuma ga ƙarfi in ta faɗi, shi ya sa aka yi ta yin tankuna da ita, amma da waɗancan filebo sun zauna a ciki sai su riƙa ratsa ta, ta fara dusashewa, ƙananan tsaga su fito ta wajen murfi inda ake ɗaurewa da ƙarfi, daga nan sai yoyo, wani cikin 'yan awanni ma wani sai ya kwana biyu. Kuma da sinadarin BPA ake yin ta, wanda ake fargabar yana da illa ga lafiya, ni dai tankin da ya fara fari ba zan ce kowa ya ci gaba da zuƙa daga cikinsa ba, a yar kawai. Tankin gilashi ba ruwansa da wannan, sai dai zoben robar da ke toshe bakinsa yakan kumbura ya saki. Robar PCTG da ake sawa a ƙananan shishar yanzu ta fi juriya, haka robar PEI mai kalar zuma.

Batun ɗurawa kuma, juya gindin robar ka duba lambar da ke cikin alamar nan mai kusurwa uku. 1 ita ce PET irin ta ruwan gora, tana riƙe ƙamshi sosai. 2 da 5 su ma lafiya lau. 4 ita ce mai laushin nan da ake matsawa, ba ta tsagewa amma iska na ratsa ta, in kaya ya daɗe ƙamshin zai gudu. 6 kar ka kusance ta, filebon lemu narkar da ita yake. Polikabonet tana cikin 7. In ajiya mai tsawo ce kwalbar gilashi mai duhu ta fi duka.

Kar ka manta da zafin garinmu, a Afrilu da Mayu ana haura digiri 40, shago mai rufin kwano ko mota a rana kuwa ya fi haka, zafi yana hanzarta cin robar kuma nikotin ɗin ya yi duhu ya fara ɗaci. Sa su can ƙasan kanta cikin inuwa.

Abin da ya fi tsaya min a rai a wasiƙarka gaskiya ba tankin ba ne, ƙananan robobin nan ne. Ni ba mai goyon bayan shan abin nan ba ne, nikotin kama mutum yake, amma tunda kana sayarwa to dan Allah kar ka taɓa ɗurawa a gorar lemo ko ta zoɓo, ruwa ne mai kala yana ƙamshin alawa, yaro ya samu zai kurɓa kuma kaɗan ya isa ya kai shi asibiti ko ma ya kashe shi. Nemi masu murfin da sai an danna ake buɗewa, ka rubuta abin da ke ciki, in ya zuba maka a hannu ka wanke da sabulu don yana shiga ta fata.